Yadda Sabon Maƙeri Zai Zaɓi Uwar Maƙerarsa Ta Farko

Wanda ƙira ta fara shiga ransa, abin da ya fi tsaya masa a wuya cikin kayan aiki shi ne uwar maƙera. Murhu ana haɗa shi da 'yan bulo da gawayi da abin hura iska. Guduma tana ko'ina. Awartaki kuwa da hannunka za ka ƙera naka nan da ɗan lokaci. Uwar maƙera ce mai cin kuɗi, ita ce mai wuyar ɗauka, kuma a kanta aka fi yi wa sabon shiga sakiyar da ba ruwa, domin daga nesa mai kyau da marar kyau duk kamarsu ɗaya: dunƙulen ƙarfe mai ƙaho da ƙafafu. Sai ka kai ta gida ka yi wata guda kana duka kafin kafaɗarka ta gaya maka abin da ka sayo.

Mataki na farko: san aikin da take yi maka

Idan ka ɗora ƙarfen da ya yi jawur a kanta ka sauke masa guduma, duka biyu yake sha a lokaci guda, ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa. Na ƙasan ita ce take mayarwa. In tana da nauyi kuma fuskarta, wato shimfiɗaɗɗen samanta da ake duka a kai, na da tauri, ƙarfin dukan yana tsayawa a cikin abin da kake ƙerawa, ya baje shi ko ya miƙar da shi. In ba ta da nauyi sai ta motsa, wani kaso na ƙarfinka ya bi iska. In fuskar mai laushi ce sai ta shanye dukan ta lotsa. Ƙarfe kuma ba ya jiran kowa. Siririn sanda da ka ciro daga wuta, cikin 'yan daƙiƙoƙi launinsa ke fara duhu, don haka duk dukan da ya tafi a banza ƙarin komawa wuta ne, ƙarin gawayi, ƙarin gajiya.

Abu biyu ke nan za ka riƙe: nauyin da ke zaune daidai ƙarƙashin guduma, da lafiyar fuska. Ƙaho da ramuka da sunan kamfani duk a baya suke zuwa. A 1936 wani manomi a tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin ya tono akwatin kayan aikin wani gwanin ƙira da ya rayu shekara kusan 1,000 da suka wuce, kuma abubuwan da yake duka a kansu ƙanana ne ƙwarai. Masu ƙera takobi a Japan har yau a kan dunƙulen ƙarfe mai kusurwa huɗu suke aiki, ba ƙaho ba wutsiya. Siffar nan mai ƙaho da kowa ya sani tana da amfani, amma ba ita ce ke yin ƙirar ba.

Mataki na biyu: yanke nauyin da ya dace da kai

Fara da gudumarka. Masu sana'ar suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna bi: uwar maƙera ta ninka guduma sau 40 zuwa 50. Gudumar da ta dace da mai koyo ba ta wuce kilo 1 ba, ko ƙasa da haka kaɗan, saboda haka kilo 40 zuwa 50 ya isa. Ƙiyasi ne, ba doka ba. Mai kilo 30 da aka ɗaure ta tam a kan kututture mai nauyi za ta yi maka ƙusa, ƙugiya, wuƙa, awartaki da ƙananan kayan ado ba tare da ƙorafi ba. Mai kilo 50 zuwa 70 kuwa, mutum ɗaya mai aiki da gudumar hannu zai iya tsufa a kanta bai ji ta yi masa kaɗan ba. Daga kilo 100 zuwa sama ta masu aiki ce da mataimaki mai sauke babbar guduma, ko masu ƙera gatari da manyan kaya kullum.

Ka kuma tambayi kanka inda za ta zauna. In kana da rumfar da za ka girke ta ka bar ta, ƙara nauyi gwargwadon aljihunka. In kuwa kullum sai ka fito da ita ka mayar, kilo 70 zai sa ka fara neman dalilin ƙin kunna wuta, bayanka ma ba zai gode maka ba.

Akwai wata dabara a nan da ba a cika faɗa ba. Biyu za su iya zama nauyi ɗaya a kan sikeli amma aikinsu ya bambanta. Wadda aka yi wa masu sa wa dawaki takalmin ƙarfe tana da katon ƙaho, doguwar wutsiya da siririn ƙugu, domin aikinsu lanƙwasa ne ya fi yawa. Nauyinta ya watsu zuwa gefe biyu. Wadda aka yi don ƙira ta gaba ɗaya ƙugunta kauri ne da shi, ƙarfe a cunkushe daga fuska har ƙasa. In ka samu biyun a farashi ɗaya, ɗauki mai kaurin ƙugu.

Mataki na uku: gane irin ƙarfen da aka yi ta da shi

Nan ne ake faɗawa rami. Wadda ta fi yawa a shagunan kayan aiki, mai araha, mai sheƙin fenti, galibi ta ƙarfen zubi ce zalla. Ƙarfen zubi yana da sinadarin kabon fiye da kashi 2 cikin 100, kuma kabon ɗin yana kwance a cikinsa ɓarɓashi-ɓarɓashi. Shi ya sa yake da daɗin narkarwa a zuba a mazubi, shi ya sa kuma yake da gautsi. Fuskarsa tana lotsawa, gefensa yana ɓantarewa, ba ya mayar da duka. Za ta yi maka amfani wajen miƙe ƙusa ko danne ƙofa, amma ba ta cancanci kuɗin mai son koyon ƙira ba. Dunƙulen sitil, wato ƙarfe mai ƙwari wanda kabon ɗinsa bai kai haka ba, daga wurin masu tsofaffin ƙarafa ya fi ta nesa ba kusa ba.

Kada kalmar zubi ta ruɗe ka, domin akwai sitil na zubi, kuma shi abu ne daban. Ana narkar da sitil a zuba, sannan a taurara fuskar da wuta da ruwa. Kamfanonin Kohlswa da Söderfors na Suwidin da wannan hanya suka yi suna, haka Refflinghaus na Jamus. Yawancin sababbi masu kyau da ake yi yau irin wannan ne. Akwai kuma wadda ake ƙera sitil ɗin da manyan injinan duka, kamar Peddinghaus ta Jamus. Tsakanin sitil na zubi mai kyau da ƙirarren sitil, mai koyo ba zai ji bambanci a hannunsa ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ya biya ƙarin kuɗi don wannan kaɗai ba.

Tsofaffin da aka yi a Ingila da Amurka a ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, irin su Peter Wright, Mousehole, Hay-Budden da Trenton, yawancinsu gini biyu ne. Jikin na ƙarfe ne mai laushi da aka ƙera, sai aka manna masa farantin sitil mai tauri a sama ta hanyar haɗin wuta, wato a gasa su a daka har su manne. Farantin nan sau da yawa kaurinsa bai wuce milimita 12 ba, wani bai kai ba. Shi ne duk darajarta. In yana nan lafiya, shekara 150 ba komai ba ne a wurinta. In ya ɗago daga jiki ko an gurje shi ya yi siriri, abin da ya rage nauyi ne kawai.

Sai wani iri da ke rikita masu gwaji. Kamfanin Fisher na Amurka ya gano yadda ake zuba jikin ƙarfen zubi a kan farantin sitil su kama juna. Irin wannan ba ta ƙara in an buga, sai wani ɗan sauti a daushe, amma tana mayar da duka yadda ya kamata, kuma mai maƙwabta kusa zai so ta. Saboda ita ne ba a yanke hukunci da kunne kaɗai.

Ido ma yana taimakawa. Rubutun da ya taso sama daga jiki alamar zubi ce, haka layin da ya bi tsakiyar ƙaho ko ƙasan wutsiya inda mazubi biyu suka haɗu. Rubutun da aka buga ya nutse, tare da ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu a ƙugu inda ake soka sanduna a juya ta lokacin ƙira, alamar ƙirarriya ce. Amma alamar zubi ba ta gaya maka sitil ne ko ba sitil ba. Gwaji ne zai faɗa.

Mataki na huɗu: siffa

Siffar da aka fi sani ita ce ta Landan: ƙaho zagayayye a gefe ɗaya, ɗan dandamali mai laushi tsakanin ƙaho da fuska, sai fuska, sai wutsiya mai ramuka biyu. Babban ramin mai kusurwa huɗu shi ne mazaunin abin yanka da sauran kayan da ake kafawa. Ƙaramin zagayayye kuwa a kansa ake huda ƙarfe don abin hudar ya samu wurin wucewa. Siffar Jamus tana da ƙaho biyu, ɗaya zagayayye, ɗaya shimfiɗaɗɗe mai tsukewa zuwa baki, kuma ramukanta sun fi kusa da tsakiya inda ƙarfe ya fi kauri. Ni na fi son ta Jamus, domin ƙahon nan mai tsukewa yana shiga wuraren da wutsiya mai faɗi ba ta shiga, amma ko wacce ka samu da lafiya, ita ce taka.

Abin lura ɗaya: auna babban ramin. Mai inci 1, wato milimita 25, shi aka fi samun kayan da suka dace da shi.

Mataki na biyar: gwada ta da hannunka

Kada ka sayi tsohuwa daga hoto. Je ka gan ta, ka tafi da burushin waya, tsumma, rula ta ƙarfe mai santimita 30, tocila, ƙaramar guduma, da ƙwallon boris, wato ƙwallon sitil na cikin boris ɗin inji, ɗaya mai ɗan girma, kamar milimita 15 zuwa 25. Ka nemi izini tukuna: "Maigida, ka yarda in goge fuskarta in gwada?" Mai kaya mai kyau ba ya ƙi. Wanda ya ce a'a, ko ya ce fentin sabo ne kada ka ɓata, ya riga ya ba ka amsa.

Goge fuskar har ƙarfe ya fito. Wannan ba ado ba ne: tsatsa, fenti da maiƙo suna shanye tsallen ƙwallo, su sa mai kyau ta yi kama da matacciya. Tsayar da rular a tsaye a tsakiyar fuska, riƙe ƙwallon daidai santimita 25, ka sake shi, kada ka jefa. Sunkuya idonka ya yi daidai da rular ka ga inda ya dawo. In ya kai santimita 20, kashi 80 cikin 100 ke nan, fuska ce mai kyau ƙwarai. Santimita 17 zuwa 18, wato wajen kashi 70, za ta yi aiki. In bai kai rabi ba, akwai magana. A kan ƙarfen zubi ƙwallon yakan ɗan ɗaga kaɗan ya mirgine, har ya bar ɗan tabo a inda ya sauka. Maimaita a wurare da yawa: kusa da ƙaho, tsakiya, gefe da gefe, kan wutsiya. A kan wutsiya tsallen yakan ɗan ragu saboda ƙarfen wurin ba kauri, wannan ba laifi ba ne. Abin tsoro shi ne ka samu wuri ɗaya a tsakiyar fuska da ƙwallon ya mutu alhali kewayensa yana tsalle. Kuma ka sa hannu a shirye, ƙwallon boris in ya gangara ƙarƙashin tarin ƙarafa ya tafi ke nan.

In ba ka da ƙwallo, ƙaramar guduma ta isa. Riƙe ƙarshen ƙotar da yatsa biyu sako-sako, ka bar kan ya faɗi da nauyinsa. A kan fuska mai tauri zai yi tsalle sau da yawa kafin ya tsaya. Kada ka ɗaga hannu ka maka mata. Taurarren ƙarfe biyu in suka haɗu da ƙarfi, ɓallin da zai tashi yana iya shiga ido ko ya huda fata.

Bayan tsalle sai sauti. Bi fuskar da ƙwanƙwasa a hankali daga ƙaho zuwa wutsiya, taki-taki, kana saurare. Ƙirarriya ko ta sitil tana ƙara tas, sautin ya ɗan ja kafin ya mutu, kuma ya fi kaifi a ƙaho da wutsiya. Abin da kake nema shi ne canji. In kana tafe da ƙara mai kyau sai ka iso wani wuri ka ji "kaf-kaf" ko wata 'yar karkarwa kamar ta fasasshiyar tasa, to farantin ya rabu da jiki a ƙarƙashin wurin, ko akwai tsaga a ciki. Wannan ba gyaran mai koyo ba ne, ka bar ta. In duk jikinta shiru ne, duba yadda aka ajiye ta, domin wadda aka ɗaure tam ko aka ajiye a kan ƙasa mai laushi ba ta ƙara sosai. In kuma ƙwallo yana tsalle da kyau amma ba ƙara, mai yiwuwa irin ta Fisher ce.

Akwai wadda za ka samu tana ƙara tas, ba tsaga ko ɗaya, amma ƙwallo ba ya tsalle. Galibi irin wannan gobara ta taɓa ci da ita, zafi ya zare mata tauri. Mayar da taurin yana bukatar a gasa dukan fuskar ta yi ja sannan a sanyaya ta da ruwa mai yawan gaske mai gudu, aikin da ya fi ƙarfin bayan gida. In za ka saye ta, saye ta a kuɗin dunƙulen ƙarfe.

Yanzu kwantar da rular a kan fuska ta tsawo, ka haska tocila ta baya. Tsofaffi da yawa suna da ɗan kwari a tsakiya inda aka shekara ana duka. Milimita 2 ko 3 ba abin damuwa ba ne, har ma yana taimakawa wajen miƙe sanda, domin ƙarfe yana son a ɗan wuce da shi kafin ya dawo daidai. Ɓantarewar gefe ma kusan kowace tsohuwa tana da ita. In akwai tsawon tafin hannu na gefe mai lafiya a kowane ɓangare, ya ishe ka.

Wadda ya kamata ta ba ka tsoro ita ce tsohuwar da ta yi kyau fiye da kima: fuska sumul, gefuna masu kaifi kamar yau aka yi. Duba ta gefe ka nemi layin da faranti ya haɗu da jiki, ka ga kaurin da ya rage. Duba ɗan dandamalin da ke gaban ƙaho: in tazararsa da fuska ta kusa ɓacewa, an gurje fuskar da inji an cinye taurin. Duba launin gefuna: walda takan bar wani launi daban da ƙananan ramuka kamar na allura. Gyaran walda na gaskiya yana yiwuwa, amma sai an ɗumama ta gaba ɗaya an yi amfani da sandar walda ta musamman. Wanda aka yi da sandar gama-gari don a rufe ido, laushi ne da shi, kuma ƙarfen da ke kewayensa yakan tsage daga baya. Ƙwallonka zai nuna maka wurin.

A ƙarshe zagaya ta da tocila. Duba gindin ƙaho, kewayen babban rami, da ƙugu, ko akwai tsaga. Duba ko an taɓa yanka wani abu a kanta da wutar gas, domin wannan yakan bar rami, ya kuma kashe taurin wurin. Ƙaho mai dakusasshen baki ko tabon sara ba komai. Wadda wutsiyarta ta karye gaba ɗaya ma, in fuskar da ta rage tana da lafiya, ciniki ne mai kyau ga mai koyo, domin farashinta yakan faɗi sosai alhali wurin da ake mafi yawan aiki yana nan.

Mataki na shida: karanta lambobin jikinta

A jikin tsofaffin Ingila za ka ga lamba uku a jere da tazara ko ɗigo a tsakaninsu, misali 1 · 1 · 5. Ba 115 ba ne. Ta farko ana ninka ta da laba 112, ta biyu da laba 28, ta uku kuwa laba ce kai tsaye. Wato 112 da 28 da 5, laba 145, kusan kilo 66. Ta tsakiya ba ta wuce 3, ta ƙarshe ba ta wuce 27. In ka ga ta tsakiya ta haura 3, to ba wannan lissafin ba ne, laba ce ko kilo aka rubuta kai tsaye, kamar yadda kamfanonin Amurka da na sauran Turai suka saba. Mai sayarwa zai iya karanta lambobin nan ya ce maka kilo 115 ce, ba don ha'inci ba, don bai sani ba. In akwai sikeli, ɗora ta. Sannan raba kuɗin da nauyin, ka san abin da kake biya a kan kowane kilo, da shi za ka kwatanta wannan da waccan.

Tsohuwa ba dole ta fi sabuwa ba. Masu tara kayan tarihi sun sa wasu sunaye sun yi tsada fiye da aikinsu, har ta kai gajiyayyiyar tsohuwa tana kusan kuɗin sabuwa ta sitil. In sabuwa za ka saya, nemi a rubuce cewa sitil ce, a kuma faɗi taurin fuskar. A ma'aunin Rockwell, daga 52 zuwa 60 shi ne inda masu kyau suke. Tallar da ta yi ta yabon ƙarfi da inganci amma ta ƙi faɗin irin ƙarfen, ka ɗauka ƙarfen zubi ne. Ƙananan nan masu araha na sitil masu kilo 30 da ake sayarwa ta intanet, wasu suna da kyau, wasu suna zuwa da ramukan zubi da aka cike aka shafe da fenti. In ta iso, kankare fentin fuska da na ƙaho ka yi mata gwajin ƙwallo tun kana da damar mayarwa.

In ba ka samu ba, ko kuɗin bai kai ba

Kada ka zauna jira. Ƙarfe a zafin ƙira, wajen digiri 900 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyos, ya fi kowane sitil mai sanyi laushi, don haka ko dunƙulen da ba a taurara ba zai yi aiki muddin kana duka da zafi kuma ba ka kuskure ka sami fuskar da guduma ba. In ta yi tabo, ka goge, tunda ba faranti a kai da za ka cinye.

Lissafin mai sauƙi ne. Kowane santimita kubik na sitil giram 7.85 ne. Dunƙule mai faɗin santimita 10 da 10 da tsawon 30 ya kai kilo 23 da rabi. Guntun sanda zagayayye mai kaurin santimita 15 da tsawon 30 ya haura kilo 41. Tsayar da shi a tsaye ka yi duka a kan ƙarshensa. Fuskar za ta yi maka kamar ƙarama, amma guduma ba ta dukan wurin da ya fi kanta faɗi, kuma duk nauyin yana ƙarƙashinta. Guntun aksil na babbar mota, haƙorin motar ɗaga kaya, ko kan babbar guduma mai kilo 5 zuwa 8 da aka dasa a cikin kututture, duk mutane sun koyi ƙira a kansu.

Ƙarfen layin dogo ya shahara, amma yadda aka fi amfani da shi ba daidai ba ne. Ana kwantar da shi, a ɓata kwanaki ana yanka masa ƙaho don ya yi kama da ta gaske. A kwance, abin da ke ƙarƙashin gudumarka siririn bango ne mai lanƙwasa da ƙara mai kashe kunne. Nau'i mai nauyi yana kai kilo 60 a kowace mita, saboda haka guntu mai santimita 60 da aka tsayar a tsaye ya ba ka kilo 36 a ƙarƙashin duka. Ka saye shi a hannun masu izinin sayarwa. Wanda ke yashe a gefen layi yana da mai shi, kuma ɗaukarsa laifi ne. Ƙarfen gini mai siffar H kuwa ka bar shi, ƙara ce kawai da tsalle.

Rashin ƙaho ba ya hana lanƙwasa: guntun bututu mai kauri ko sanda zagayayye da aka kafa a kututture zai yi. Rashin rami kuma, farantin ƙarfe mai kauri da aka huda ya wadatar.

Mataki na bakwai: girka ta

Mai kyau da aka ajiye sako-sako ba ta kai matsakaiciya da aka ɗaure ba. Samo kututturen itace mai nauyi, ko ka haɗa katakai a tsaye ka ɗaure su da ƙusoshi masu noti, ko ka yi ƙafa uku na ƙarfe mai kauri. Ƙafa uku suna zama daram ko daɓen bai daidaita ba. Saman mazaunin ya zama shimfiɗe, ta zauna ba ta girgiɗi, sannan ka danne ƙafafunta da maɗauran ƙarfe ko sarƙa da aka ja da noti. In ka yi duka ka ga tana tafiya, ba ka gama ba. Wajen ɗora ta ku zama ku biyu, kuma ka sa takalmi mai rufin yatsu.

Tsayi kuwa, tsohuwar ƙa'ida ita ce ka tsaya ka saki hannu ka dunƙule, fuskar ta taɓa gaɓoɓin yatsunka. An yi wannan ƙa'idar ne lokacin da ake aiki da mataimaki da manyan kayan da ake ɗorawa a kan ƙarfe. Mai aiki shi kaɗai a kan ƙananan kaya yakan fi jin daɗi in ta kai wuyan hannu, don kada ya wuni a sunkuye. Ga hanyar tabbatarwa: ɗora guntun katako mai laushi a kan fuskar ka yi masa duka kamar kana aiki. In tabon ya fito zagaye cif, tsayin ya yi. In ya fi nutsewa ta gefen da ke nesa da kai, ta yi ƙasa. In ta gefenka ne, ta yi sama. Gara ka yanke kututturen ya ɗan gaza, domin ƙara katako ƙarƙashinsa ya fi sauƙi a kan sake yanka. Mai aiki a zaune ma da wannan gwajin zai daidaita tasa.

Ƙarar ta sitil tana cin kunne a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ɗauri mai kyau shi ke kashe mafi yawanta. Shimfiɗa ɗan roba ko gam na silikon a ƙarƙashi, naɗa sarƙa a ƙugu, manna babban maganaɗisu a ƙarƙashin wutsiya, kowanne yana ragewa. Duk da haka ka toshe kunne, ka sa gilashin kare ido.

Kada ka kai injin gurza kan fuskar tsohuwa. Burushin waya ya isa, sauran kuma ƙarfe mai zafi zai goge ta ta yi sheƙi cikin 'yan makonni. In sabuwa ce mai kaifin gefe, kaifin yana sa gefen ɓantarewa, yana kuma barin sara a jikin aiki wanda daga baya yake zama tsaga. Ɗauki magagari ko takardar gurza ka ɗan zagaye gefen da ke kusa da ƙaho, kamar tsawon santimita 10, ka bar sauran. Cire kaɗan, ka yi aiki wata ɗaya ko biyu, sannan ka ƙara in ka ga bukata. Wajen yanka, ɗora farantin ƙarfe mai laushi a kan fuskar don bakin abin yankan ya sauka a kansa. Babbar guduma kuma a tsakiya kaɗai ake sauke ta, ba a kan ƙaho ko wutsiya ba. In ka tashi daga aiki, share ɓawon ƙarfen da ya zuba, ka shafa mata ɗan mai da tsumma, ka rufe ta in wurin yana samun danshi.